Neman kalma: me za mu kira "imposter syndrome" da Hausa?

Hadiza: Salamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe huɗu za mu naɗi shirin rediyo kan matasa sababbin shiga aiki, har yanzu ban samu Hausar "imposter syndrome" ba, wato mutum ya riƙa jin bai cancanci nasarar da ya samu ba. Abin da shirin ke son nunawa shi ne jin hakan ba aibi ba ne, yakan taso idan mutum ya taka sabon matsayi. A agaza.

Malam Sani: Ciwon sojan gona. Kowa zai gane.

Dakta Amina: Malam, a cire "ciwo" tukuna. Babu shi a kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, babu shi a na Hukumar Lafiya ta Duniya. Masana halayyar ɗan Adam Pauline Clance da Suzanne Imes, da suka fara bayyana shi a 1978 bayan aiki da mata sama da 150 masu manyan digiri da muƙamai, yanayi suka kira shi. Mutum ya jingina nasararsa ga sa'a ko kuskuren waɗanda suka zaɓe shi, a yabe shi ya kasa yarda, kullum yana fargabar asirinsa zai tonu. In an ba shi aiki, ko ya hana idonsa barci yana shiri, ko ya yi ta ɗagewa sai a ƙurarren lokaci. Aikin ya yi kyau, na farko ya ce wahala ce ta fisshe shi, na biyu ya ce dace ne. Aiki na gaba kuma a koma gidan jiya. Ni na fi son "kokwanton cancanta".

Baba Garba: Soja ai Turanci ne. Ku ce "shigar burtun zuci", ga Hausa tsantsa.

Malam Sani: Baba, maharbin da ya ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya cikin ciyawa ya san yaudara yake yi. Wannan kuwa da guminsa ya samu, shi ne dai bai yarda ba.

Baba Garba: To sojan gonar taka fa? Shi bai san ƙarya yake ba? Ku 'yan boko duk kalmar da ba ku ji a jami'a ba sai ku ce ba ta yi ba.

Isufu: Mu a Damagaram daga Faransanci muke juyo ta, matsalar ɗaya ce. Amma a daina yankewa a Kano sannan a turo mana.

Malam Sani: Wa ya ambaci Kano a nan?

Dakta Amina: Hadiza, ki guji "ƙasƙantar da kai" da "waswasi". Na farko tawali'u ne: wanda ya ce "ikon Allah ne" ya san ya yi ƙoƙari, godiya yake yi. Na biyu kuma kunnen mai saurare alwala da salla zai tafi. Ki ba masu saurare abin yi: su rubuta aiki uku da suka kammala da abin da suka yi da hannunsu a kowane, su raba "ban iya ba" da "ban koya ba tukuna", su faɗa wa wani na gaba da su a wurin aiki. In ya kai ga hana barci da cin abinci makonni, a ga likita.

Hadiza: Na gode. Zan buɗe da "kokwanton cancanta", in fassara shi da "jin kamar kai sojan gona ne alhali ka cancanta".

Baba Garba: Ya yi tsawo, 'yata. Ki yi da shi gobe, amma ni ban janye burtuna ba.