C ko Rust: Wa Zai Riƙe Zuciyar Kwamfuta?

Musaya kan yaren rubuta manhaja, C ko Rust, da ya dace da rubuta kanel, wato zuciyar manhajar da ke tuƙa kwamfuta. Amsa-amo: "ba".

Malam, Runjin Sambo:

Da sunan Allah za ni buɗe baki,
Yaren C nika yabo, ban ji kunya ba.
Dennis Ritchie ya ƙera shi can Amurka,
Tun 1972, har yau bai gaji ba.
Da shi anka gina manhajojin tuƙa kwamfuta, Unix, sannan Linux
A 1991, ba ta nemi wani ba.
Kai ka ɗebo memori, ma'ajiyar na'ura, kai ka mai da shi,
Aiki shi ruga, bai jira kowa ba.

Ɗaliba, Jami'ar Danfodiyo:

Baba, ranka shi daɗe, na gaishe ka,
Gudun C gaskiya ne, ban musa ba.
Amma ware gurbin harafi goma,
A zuba ashirin, ka ga bai hana ba.
Ragowar ta malala gidan maƙwabta,
Nan mai kutse ka shigowa, bai yi sallama ba.
Saki memori, ka dawo ka taɓa,
Bai ce maka yanzu ba naka ne ba.
Microsoft ta faɗa a 2019,
Kusan kashi 70 na ɓarakar tsaronta
Daga memori ne, ba wani wuri ba.
Rust tun gaban kwamfaila, mai fassara rubutu ga na'ura, shika kamun kuskure,
Kowane memori da mai shi, aro da sharaɗi,
Kuma gudun bai ragu ba.

Malam:

Ɗiyata, kin iya, Allah shi ƙara,
Sai dai ba ki kai ƙarshen zance ba.
In Rust za shi taɓa ƙarfen na'ura,
Sai ya rubuta unsafe, ya sassauta tsaro, ba ki faɗa ba.
Layuka miliyoyi da anka tara,
Wa za shi sake? Ban ga leburori ba.

Mai gyaran waya, Mabera:

Malam da ƙanwa, ku ɗan ba ni hanya,
Android da nika kwancewa, Linux ce ƙasanta.
In direba, manhajar da ka tuƙa sashen waya, ta faɗi, allo shi daskare,
Ni mai waya ka zagi, ba Ritchie ba!

Ɗaliba:

Yaya, sannu da haƙuri. Baba, saurara,
Unsafe 'yan layuka ne masu alama,
Nan za a bincika, ba rubutun duka ba.
Linux 6.1, Disamban 2022,
Torvalds mai Linux ya karɓi Rust, bai kori C ba.
Sababbin direbobi kaɗai a bar mana,
Ba mu ce a rushe tsofaffi ba.

Malam:

To rubuto guda, ki turo in gwada ta
A tsohuwar kwamfutata mai ƙugi,
Kafin nan, ɗiyata, ban miƙa wuya ba.