Abin da aka tsayar a zaman matasan Nima

Ranar Asabar mun zauna a unguwar Nima, cikin Accra, da matasa ma'aikata masu tafiyar da wata ƙungiyar koya wa samari da 'yan mata sana'a. Maganar kuɗi ce ta cinye rabin zaman. An yarda kada a karɓi ko sidi ɗaya ta MoMo (asusun kuɗi na waya) na wani mutum, a buɗe asusu da sunan ƙungiya, kuma sai mutum biyu sun sa hannu kafin a fitar. Wata 'yar'uwa mai aikin banki ta ce rajista da gwamnati ce farko, don masu ba da tallafi takarda suke fara tambaya, har da Asusun Raya Zango da majalisa ta amince da dokarsa a 2017.

Wani dattijo ya ce, "'Ya'yana, kafin ku buga fosta, ku gaida sarkin unguwa da liman." Gaskiyarsa, iyaye ba sa sakin 'yarsu ga wanda ba su sani ba.

An taɓo horo kaɗan. Ɗinki ya yi yawa a Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da Nima, a gwada gyaran waya da haɗa sola. Wanda ke aikin ofis kuma kada ya ɗauki alkawarin da ya wuce Asabar da Lahadi.