Allurar rigakafin murar hunturu a jami'a: yaya ake yi a wurin aikinku?

Maman Haidar, arewacin Ingila:
Assalamu alaikum jama'a. Ina aiki a ɗakin karatu na wata jami'a, kuma ina cikin wakilan ƙungiyar ma'aikata. Duk watan Oktoba jami'armu kan ɗauko ma'aikatan jinya su zo su yi mana allurar rigakafin murar hunturu kyauta, a wani ɗaki kusa da kantin cin abinci. Saƙo ake turowa ta imel, kowa ya shiga ya zaɓi lokacinsa. Bana kafin azahar guraben sun cika. Masu shara da masu gadi da 'yan kicin, da yake ba zaman gaban kwamfuta suke yi ba, sai washegari suka ji labari. Abin ya tsaya min a rai, domin su ne suka fi kowa cuɗanya da ɗalibai. Za mu zauna da hukuma a kan maganar, shi ya sa nake roƙon duk mai aiki a jami'a ya faɗa mana yadda ake yi a wajensu, da yadda jikinsa ya karɓi allurar.

Malam Bashir, Amurka:
Wa alaikumus salam Hajiya. A wajenmu babu zancen kama gurbi. Tun ƙarshen Satumba ake kafa tebura a babban zaure, ka zo da katin aiki da katin inshora, ka cike takarda, a yi maka, ka zauna minti 15 a ga ko jiki zai nuna wani abu. A nan, a 2010, CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ba da shawarar a yi wa duk wanda ya kai wata shida da haihuwa, don haka ba a tambayar ko kana da wani ciwo. Masu aiki a asibitin koyarwa kuma dole ce gare su, sai mai uzurin da aka amince da shi.

Abin da zan so ki kai wa hukumarku shi ne wannan: akwai ma'aikaciyar jinya da ke tura ɗan keken magani tana bin gine-gine, har da dare. Ni a ɗakin gwaje-gwaje ta same ni. Masu gadinmu a ofishinsu aka yi musu, lokacin da ake sauya aiki.

Anti Zulai, Landan:
'Yata, kin taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni 'yar zangon Kumasi ce, shara nake yi a wata jami'a a nan. Ƙarfe biyar na asuba muke shiga, kafin takwas mun fita, su kuma masu allura sai ƙarfe goma suke buɗewa. Wata shekara na daure na zauna na jira. Da layi ya zo kaina yarinyar ta duba katina ta ce ba ta ga sunana ba, wai mu ba ma'aikatan jami'a ba ne, na kamfanin da aka ba kwangilar shara ne. Ba ta wulaƙanta ni ba, ita ma umarni aka ba ta. Amma ni ce nake kwashe tsumman hancin da ɗalibai suka zubar, ni ce nake goge hannun ƙofa.

A hunturun waccan shekarar murar ta kayar da ni. Zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, tari har haƙarƙarina ya riƙe. A lokacin ba a biyan kuɗin rashin lafiya na kwana ukun farko, ga kuɗin haya, ga waɗanda ke jiran aike a gida. Na koma aiki jiki bai gama warwarewa ba, kuma Allah kaɗai ya san wa na shafa wa.

Daga baya mai kantin magani na unguwarmu ya ce min ai tunda ina da ciwon suga, NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, za ta yi min kyauta. Babu wanda ya taɓa faɗa min a wurin aiki. Yanzu can nake zuwa duk shekara. Amma 'yan uwana da ba su da suga ko asma, kuma ba su kai shekara 65 ba, sai dai su biya da kuɗinsu.

Maman Haidar:
Sannu Anti, Allah ya ƙara lafiya. Ko kin yarda in karanta wannan a wajen zaman, ba tare da sunanki ba?

Anti Zulai:
Karanta 'yata. Ki ƙara musu da cewa ƙarfe bakwai na safe ya fi mana.

Abu Safwan, Sikotland:
Ni gaskiya na daɗe ina ƙin yi, kuma ba na jin kunyar faɗa. A Kano na tashi, ina da wayo lokacin gwajin maganin Trovan na 1996, lokacin annobar sanƙarau. Wanda ya ga wannan zamanin ba ya saurin miƙa hannu don kawai an ce kyauta ne. Bara na yi saboda matata na da juna biyu, sai ga shi bayan 'yan kwanaki na kwanta da mura. To me allurar ta tsinana min?

Dakta Rabi, Kanada:
Yaya Abu Safwan, tsoronka yana da tushe, kuma tambaya ita ce haƙƙinka. Fannina ne haɗa magunguna, bari in faɗi abin da na sani.

Allurar da ake yi wa manya a dantse ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, saboda haka ba za ta iya sa maka murar ba. Amma jiki yana buƙatar kamar mako biyu kafin ya gina garkuwa. Wanda ya kwashi cutar kafin nan zai kwanta. Sannan ƙwayoyin da ke kawo mura da tari suna da yawa, ita kuwa wannan allura infuluwenza kawai take tarewa, wadda ke zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, irin wadda Anti Zulai ta bayyana. Ita ma ba ɗari bisa ɗari ba: ƙiyasin CDC shi ne tana rage haɗarin da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari a shekarun da ta dace da nau'in da ke yawo. Wanda ya kamu duk da haka, galibi abin kan zo masa da sauƙi.

Dalilin maimaitawa duk shekara shi ne ƙwayar tana sauya kama. Hukumar Lafiya ta Duniya kan zauna a watan Fabrairu ta zaɓi nau'o'in da za a sa wa ƙasashen arewa, a Satumba kuma na ƙasashen kudu. Akwai ma wani nau'i, Yamagata, da ba a sake ganinsa ba tun Maris 2020, har aka fara cire shi daga allurar.

Ni a jami'armu aka yi min, hannuna ya yi tsami kwana ɗaya, shi ke nan. Abin da nake ganin ya kamata a gyara shi ne gaggawa. Ana yi kamar layin burodi, babu wanda zai zauna da mutum irin Yaya ya amsa masa tambayoyinsa cikin mutunci.

Ummu Khadija, Ingila:
Dakta, batun sinadarin gelatin na alade da ake cewa yana cikin rigakafin fa? Shi ya hana abokiyar aikina zuwa.

Dakta Rabi:
Wannan a maganin da ake fesa wa yara a hanci yake, wanda ake bi makarantu ana yi a Ingila. Iyayen da ba su so suna iya neman a yi wa yaron allura a maimakonsa. Allurar manya da ake yi a can ba ta da shi. Ta nemi takardar da ke cikin kwalin ta karanta da idonta, za a ba ta.

Ɗan Damagaram, Faransa:
Digiri na uku nake yi, ina kuma koyar da 'yan aji ɗaya. Wajenmu likitan ma'aikata ne ke shiryawa daga tsakiyar Oktoba. Matsalarmu ita ce ba a san inda za a ajiye mu ba: ofishin ma'aikata ya ce mu ɗalibai ne, asibitin ɗalibai ya ce muna karɓar albashi. A ƙarshe kantin magani na je na saya, mai kantin ya yi min a nan take. Hajiya, ki sa irinmu a cikin jerinki.

Injiniya Nura, Ostareliya:
Mu hunturunmu daga Yuni zuwa Agusta ne, don haka a Afrilu ake fara allurar. A 2022 ta faɗo cikin azumi, musulmai da dama a sashenmu suka ƙi zuwa. Na tambayi limaminmu, ya ce allurar da ake yi a tsoka, wadda ba abinci ba ce, ba ta karya azumi a wajen mafi yawan malamai. Muka roƙi ofishin lafiya suka saka wannan bayani a sanarwa, suka kuma ƙara rana guda bayan Sallah saboda waɗanda hankalinsu bai kwanta ba. Mun kuma nemi labule da ma'aikaciya mace, domin mata masu hijabi ba sa son naɗe hannun riga a tsakiyar zaure. Duk an yi mana, da ma babu wanda ya taɓa tambaya ne.

Abu Safwan:
Na gode Dakta. Lissafin mako biyun nan ya yi daidai da abin da ya same ni, domin yarona ne ya shigo mana da ita daga makaranta tun kafin ranar allurar. Bana zan je, amma sai na karanta takardar tukuna.

Maman Haidar:
Malam Bashir, mai keken nan da ke zagayawa da dare, jami'a ce ke biyanta ko kamfanin inshora? Kuma ma'aikatan kwangila irin su Anti Zulai suna cikin waɗanda take yi wa? Ina son in shiga zaman da amsar a hannuna.