Muhawara: 4,294,967,297 tana rabuwa ko ba ta rabuwa?

Malam Sani, Gusau: Salamu alaikum malamai. Ina kan bakana, 4,294,967,297 firayim ce, ba abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta. A buga 2 da kanta sau 32 a ƙara 1, ita ce. 'Yan uwanta da suka gabace ta, waɗanda aka samu da buga 2 sau 1, 2, 4, 8 da 16 a ƙara 1, wato 3, 5, 17, 257 da 65,537, duk firayim ne. Ƙarshenta 7 ne, 2 da 5 sun fita. Alƙalumanta sun tashi 59, 3 ma ba ta shiga.

Malama Hauwa, Talata Mafara: Wa alaikumus salam. Malam, hujjar ba ta kai ba. 65,536 sau kanta ita ce 4,294,967,296, don haka sai an gwada duk firayim da ke ƙasa da 65,536, su 6,542, ku kuwa uku kuka gwada. Fermat, masanin lissafi na Faransa, ma haka ya zata a 1640, saboda biyar ɗin farko sun yi daidai.

Malam Sani: To ga gwajin kwamfuta, Malama: a buga 2 da kanta sau 4,294,967,296, a raba da lambar, saura 1. Ba alamar firayim ke nan ba?

Malam Bello, Ƙauran Namoda: Nan ne tarkon yake, Malam Sani. Kowace firayim ta mara tana cin wannan gwaji, amma ba duk wadda ta ci ba ce firayim. 341 ma tana ci, alhali 11 sau 31 ce. Lambobin Fermat kuwa, wato ita da 'yan uwanta, duk suna cin gwajin 2, tunda daga 2 aka gina su. A sa 3 a madadin 2, asiri ya tonu. Tun 1732 masanin lissafi Euler ya warware ta: 641 sau 6,700,417.

Malam Sani: A nuna mini da alƙalami.

Malama Hauwa: Ga shi. 6,700,417 sau 600 = 4,020,250,200. Sau 40 = 268,016,680. Sau 1 = 6,700,417. A tara: 4,294,967,297, ba ragi ba ƙari. A kula dai, ƙaramar kalkuleta mai alƙalami takwas ba za ta ɗauke ta ba. Haka ma ma'ajin kwamfuta mai bit 32, wato gurabe 32 na 0 ko 1, iyakarsa 4,294,967,295, in aka cusa masa wannan sai ta zagayo ta koma 1.

Malam Bello: Kuma ba laluben duhu Euler ya yi ba. Ya nuna duk firayim da za ta raba ta, dole in an raba ta da 64 a bar saura 1. Sai 'yan takara suka zama 193, 257, 449, 577, 641. Ta biyar ta shiga.

Malam Sani: Na sallama, Allah ya ƙara ilimi. Amma dai ba lamba ce mai yawan marabai ba, wato lambobin da ke raba ta.

Malama Hauwa: Nan kam da gaskiyarku. Huɗu ne kacal: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta, don 6,700,417 ma firayim ce. Ukun farko sun tashi 6,701,059, nesa ba kusa ba da lambar, shi ya sa take cikin gajiyayyun lambobi, waɗanda jimillar marabansu, ban da su kansu, ba ta kai su ba.

Malam Bello: Ƙarin shaida: 65,536 sau kanta da 1 ita ce, haka ma 62,264 sau kanta da 20,449 sau kanta. Firayim ba ta karɓar irin wannan rubutu ta hanya biyu.