Shawarwari kan gwajin gubar hanta a jikin ɓeraye

A tattaunawar da ɗalibai masu bincike suka yi a Gaundare ta ƙasar Kamaru, shawarar da ta fi yawa ita ce a kula da lokacin ɗibar jini. Idan aka ba ɓera paracetamol fiye da kima, hanta kan mai da shi guba mai suna NAPQI, wadda ke cinye sinadarin glutathione mai kare hanta. Daga nan ƙwayoyin Kupffer, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cikin hanta, su fara fitar da furotin na garkuwar jiki irin su TNF-alpha da IL-6. Waɗannan kan hau su sauka cikin sa'o'i, don haka awo sau ɗaya ba ya wadatarwa, sai a auna a lokuta daban-daban tare da ALT da AST, sinadaran da ke ƙaruwa a jini idan hanta ta ji rauni.

An kuma ja kunne cewa hauhawar mRNA, wato saƙon da ƙwayar halitta ke bi wajen ƙera furotin, ba ta tabbatar da ƙaruwar furotin, sai an gwada da ELISA, gwajin da ke auna yawan furotin ɗin kansa. Nan ne, a ganina, aka fi yin sakaci.

Ɓeraye na ƙaramin jinsi (mice) sun fi na babban jinsi (rats) saurin kamuwa da gubar paracetamol, kuma hana su abinci da dare kan tsananta raunin. Mai amfani da CCl4 kuwa, wata gubar hanta da ake gwaji da ita, ya ba rukunin kwatance, wato ɓerayen da ba a ba gubar ba, irin man zaitun ɗin da ya narkar da ita.