Muhawara: Ƙirƙira ce ko kwaikwayo?

Mai Walda Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake, ku yi haƙuri da ni. Shekarata 26 ina aikin ƙarfe a Suame Magazin, unguwar masu walda da makanikai ta Kumasi. Bara na ƙirƙiro injin ɓare gyaɗa mai aiki da injin babur, ba ruwansa da wutar lantarki, don na san halin ƙauyukan Arewa inda ake noman gyaɗar. Na kai shi wani ofishi da aka ce suna tallafa wa masu fasaha. Ko kallon injin ba su yi ba. Takardar makaranta suka tambaya, da rajistar kamfani, da bayanin aikin a rubuce da Turanci. Zuwana huɗu ke nan, yau kuma aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ga maganata: tun 2010 Ghana ke da manufar kimiyya da fasaha da ƙirƙire-ƙirƙire, aka sabunta ta a 2017, amma duk manufar da ba ta san hanyar Magazin ba takarda ce kawai. A raba kuɗin bincike biyu, a ba masu aikin hannu rabi.

Hajiya Mai Atamfa: Wa'alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka, Masta. Wahalar ofis sai wanda ya sha ta.

Injiniya Ƙarami: Sannu Kawu, abin da suka yi maka bai kyautu ba. Amma "ƙirƙiro" ka ce? Injin ɓare gyaɗa ya girme mu duka. Ka ga wani, ka kwaikwaya, ka ɗora masa injin babur. Gyara ne mai kyau, amma ba ƙirƙira ba.

Mai Walda Aboabo: Ɗana, ka taɓa ganin injin?

Injiniya Ƙarami: Ba sai na gani ba, Kawu. Ƙirƙira ita ce abin da babu irinsa, wanda za a iya yi masa rajistar mallaka.

Yaron Masta: Kai ɗin me ka ƙirƙiro tun da ka gama Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi? Takardarka na cikin akwati, kana sayar da kati a kasuwar Kejetia.

Injiniya Ƙarami: Ba kati nake sayarwa ba, gyaran waya nake yi, kuma ba da kai nake magana ba.

Malam Na Islamiyya: Ku dakata. Ƙirƙira da ƙira uwa ɗaya uba ɗaya ne. Wanda ya fara riƙe wannan kalma a Hausa maƙeri ne, mai zuga-zugi da uwar maƙera. Yaya za a ƙwace ta daga hannun mai ƙarfe a miƙa wa mai alƙalami?

Injiniya Ƙarami: Allah gafarta Malam, ai har ƙarya ana cewa an ƙirƙire ta. Me ya sa? Don da babu ita, aka samar da ita. Ma'anar ke nan. Misali na gaskiya shi ne masarar Obatanpa da cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua ta fitar a 1992. Shekaru aka yi ana auratayyar iri ana gwaji kafin a samu masara mai ingancin sinadarin gina jiki, har wasu ƙasashen Afirka suka ɗauka. Wannan ba a yin sa da walda.

Yaron Masta: To in an girbe Obatanpa ɗin, da injin wa ake niƙa ta? Farantin injin niƙan da ke unguwarku a ina aka narka shi?

Ɗan Nima: Ku mutanen Kumasi har yanzu ƙarfe kuke bugawa, duniya ta wuce nan. A 2019 Google ya buɗe cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira a Accra, ta farko a Afirka. Bai zo Suame ba. Yanzu fasaha a waya take. Tun 2009 da MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ya shigo, dubi yadda ciniki ya canza.

Hajiya Mai Atamfa: Ɗana, in motarka ta Accra ta mutu ina kake turo ta? Kwanan baya wa ya kwana biyu a gidan ƙanena yana jiran a sassaƙa masa ƙarfen mota?

Ɗan Nima: Hajiya, wannan maganar gida ce, bai kamata ta shigo zaure ba.

Baba Mai Ritaya: Yara, ku bar ni in faɗi abin da idona ya gani, don wannan gardama ta jami'a da Magazin sabuwa ce a wurina. Da ba haka ake ba. Jami'ar Tek ta kafa cibiyar ba da shawara kan fasaha a 1972, kuma a 1980 ta buɗe reshe a tsakiyar Suame, wanda ake kira ITTU. Malaman jami'a da kansu suke saukowa, su tsaya da masu walda, su koya musu narka ƙarfe da aiki da injin sassaƙa. Daga wannan ne aka kafa GRATIS a 1987 don a kai irinsa sauran yankuna. Ba wanda ya tambayi Masta takardar makaranta a lokacin, hannunsa ake kallo. Abin da ke ci mini rai shi ne mun taɓa samun hanya, muka bar ta ciyawa ta rufe. Kuma maganar a raba kuɗi biyu, me za a raba? Ƙasashen Afirka sun yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa don bincike. Lissafin Ghana na 2010 bai kai rabin haka ba, alhali Koriya ta Kudu tana kashe sama da kashi 4. Kaza ɗaya ce a gidan biki, kuna faɗa a kan wa zai ci cinya.

Giwa Ba Ta Tsoro: Baba ya yi gaskiya, amma a faɗi wanda ya yi ƙoƙari, wato jam'iyyarmu ta NPP mai alamar giwa. Dokar asusun bincike na ƙasa a 2020 aka yi ta. Wa ke mulki? Na'urar hangen sararin samaniya ta Kuntunse a 2017 aka buɗe ta. Wa ke mulki?

Mai Lema Asawase: E-levy na 2022 fa, wa ke mulki? Kun ɗora wa MoMo haraji, fasaha ɗaya tak da ta shiga aljihun talaka. Sai 2025 mu 'yan NDC mai alamar lema muka cire.

Giwa Ba Ta Tsoro: Ku da kuka bar mu cikin dumso, wato yawan ɗauke wuta, da wace wuta za a yi kimiyya?

Baba Mai Ritaya: Dukanku ba ku kai Nkrumah ba. A 1963 ya kafa hukumar makamashin nukiliya, aka fara gini a Kwabenya, juyin mulkin 1966 ya tsayar da aikin.

Mai Lema Asawase: A tambayi Giwa kakannin wa suka yi murnar juyin mulkin.

Giwa Ba Ta Tsoro: Ka janye wannan magana. Kakana fatauci ya kawo shi Kumasi, goro yake saye, bai san siyasa ba.

Malam Na Islamiyya: Subhanallah. A bar matattu su huta.

Shugaban Zaure: Zan rufe nan kafin a ɓata zumunci. Abin da aka tsayar: na ɗaya, mafi yawan jama'a sun yarda ƙirƙira aikin masana ne, kamar yadda misalin Obatanpa ya nuna. Na biyu, masu aikin hannu suna da amfani, amma su nemi ilimi su yi rajista kafin su zargi ofis. Na uku, a ƙara wa jami'o'i da cibiyoyin CSIR, hukumar binciken kimiyya ta ƙasa, kuɗi, daga nan alheri zai gangaro Magazin. Maganar siyasa an share.

Yaron Masta: Mafi yawa su wa? Mutum ɗaya ne ya faɗa, kuma ajinku ɗaya da shi a Tek.

Baba Mai Ritaya: Shugaba, ban ce alheri zai gangaro ba. Cewa na yi malamai su sauko da ƙafarsu.

Mai Walda Aboabo: Tun safe ake magana, babu wanda ya tambaye ni buhu nawa injin ke ɓarewa, ko yana fasa ƙwaya. Ɗana Injiniya, ranar Asabar bayan azahar ina gareji. Ka zo da ma'auninka da biro, ka rubuta mini bayanin nan da suke nema.

Injiniya Ƙarami: Zan zo, Kawu, in sha Allahu. Amma a takardar "gyara" zan rubuta.

Mai Walda Aboabo: Ka fara ganin injin tukuna.