Idan na sauya kalmomin marubuci, dole ne sai na ambace shi?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum malamai. Ina kan babin bitar ayyukan magabata a kundin digirina, kuma tsarin APA na ambaton madogara aka ce mu bi. Idan na ɗauko bayani daga littafi na sake shi da kalmomina, har yanzu sai na kawo sunan mai littafin? Sannan kashi nawa Turnitin, manhajar da ke gwada rubutu da ayyukan wasu, zai nuna kafin a ce an yi satar fasaha?

Malamin Nazari:
Wa alaikumus salam. E, dole ne. Haƙƙin marubuci bai tsaya kan kalmominsa ba, ya haɗa da ra'ayinsa, hujjarsa da alƙalumansa. Abin da kawai ba ya buƙatar madogara shi ne sanannen abu, kamar a ce ruwa yana tafasa idan ya ji wuta.

Inda ɗalibai suka fi faɗawa shi ne su ajiye jimlar marubuci a gabansu, su cire "muhimmi" su sa "babba", su cire "saboda" su sa "domin", ginin jimlar da jerin hujjojin kuwa suna nan yadda suke. Wannan kwaskwarima ce, kuma ko ka sa sunansa a ƙarshe ana ƙirga ta cikin satar fasaha, domin ka nuna kamar lafazin naka ne. Mai duba aiki yakan gane da wuri: salon ɗalibi na tafiya, kwatsam sai ga sakin layi mai santsi da bai yi kama da na gabansa ba.

Ga yadda za ka yi. Karanta wurin har ka fahimta, ka rufe littafin, ka rubuta abin da ka gane kamar kana yi wa abokin karatu bayani. Sai ka buɗe ka gwada. Duk inda kalmominsa suka biyo ka a jere, ko dai ka sake ginin jimlar, ko ka sa su cikin alamar zance tare da lambar shafi.

Ma'aikaciyar Laburare:
Ƙari kan bayanin Malam, ga ƙa'idar APA bugu na 7, wanda ya fito a 2019. A cikin rubutu ana sa sunan ƙarshe na marubuci da shekara: (Wane, 2015). Idan lafazinsa ka kawo, sai ka ƙara shafi. Zancen da ya kai kalma 40 ba a sa masa alamar zance, ana ware shi a sabon layi a tura shi ciki da rabin inci. Marubuta uku ko fiye, sunan na farko kawai za ka rubuta ka bi shi da et al. (wato da sauransu) tun ambaton farko. Ayyuka biyu na mutum ɗaya a shekara ɗaya kuwa, 2015a da 2015b. Duk aikin da ka karanta ka ambata a cikin rubutu ya fito a manazarta, wato jerin ayyukan da ake kawowa a ƙarshen kundi, duk wanda ke manazarta kuma a same shi a cikin rubutu.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To idan marubucin ya kawo maganar wani, ni kuma ban ga ainihin littafin ba fa?

Ma'aikaciyar Laburare:
Fara neman na asalin. In bai samu ba, ka faɗi sunan mai maganar, ka nuna cewa a wajen wane ka same ta, sannan wanda ka karanta kaɗai zai shiga manazarta. Kada ka jera littafin da ba ka gani ba. Idan wancan ya yi kuskure wajen ɗauko maganar, kai ma ka gaji kuskuren.

Mai Duba Kundi:
Batun Turnitin, ɗan'uwa, manhajar kamanceceniya take aunawa, ba ta yanke hukunci. Manazarta da zancen da aka ambata daidai suna iya ɗaga kason, aikin da kasonsa ya yi ƙasa kuma yana iya ɗauke da sakin layi guda da aka kwafe ɗungurungum. Kowace jami'a da iyakar da ta sa, don haka ka tambayi sashenku. Ka buɗe rahoton ka bi wuraren da aka yi wa launi ɗaya bayan ɗaya.

Tun wajen ɗaukar bayanai ka riƙa raba lafazin marubuci da naka, kana rubuta shafi nan take, domin bayan wata biyu ba za ka tuna wanne ne na wa ba. Manhajar Zotero kyauta ce kuma tana tsara manazarta, amma ka duba abin da ta fitar, takan ɗauko shekara ko sunan da aka shigar ba daidai ba daga intanet.